Allahn da ake ambata a taken ƙasa: namu ne mu kaɗai, ko har da maƙwabcinmu Kirista?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Gadarif, a ƙasar Sudan, ina saye da sayar da riɗi da dawa. Ɗana yana aji shida. Kullum da safe a tabur, wato taron sahun ɗalibai a makaranta, suna rera taken ƙasa, 'Nahnu jundullah, jundul watan', kuma yaron da ke tsayawa kusa da shi Kirista ne ɗan Nuba, shi ma yana rerawa da ƙarfinsa. Rannan muna cin abinci ya tambaye ni: Baba, Allahn da abokina yake faɗa shi ne namu? Na rasa ta cewa. Ƙanena da ke Kano kuma ya ce su ma 'ya'yansu suna karanta alkawarin ƙasa da Turanci, wanda ke ƙarewa da roƙon taimakon Ubangiji, har wani malami ya ce musu shirka ce, tunda ba a san wane God ake nufi ba. Shin Allahnmu da na Kiristoci da na Yahudawa ɗaya ne? Kuma ya halatta yaro Musulmi ya faɗi irin waɗannan kalmomi tare da wanda ba Musulmi ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya raya yaron nan, ya sa masa albarka. Abin da ya tambaye ka manyan malamai sun daɗe suna kai-kawo a kansa, kuma shirun da ka yi ya fi a ba shi amsar gaggawa wadda za a sha wahalar cire masa daga kai nan gaba. Na koyar da Larabci da tarbiyyar Musulunci a sakandare a Wad Madani fiye da shekara ashirin, na tsaya a tabur safiya ba iyaka, kuma a kusan kowane aji akwai ɗalibi Kirista ko biyu. Don haka maganar ba baƙuwa ba ce a wurina.

A yadda na fahimta, abu uku ne suka cuɗe a cikin wasiƙarka. Wa ake nufi idan aka ce Allah? Yaya kowane ɓangare yake siffanta Shi da bauta maSa? Sannan mene ne hukuncin faɗin kalmomin da gwamnati ta tsara wa kowa da kowa? Mafi yawan hayaniyar da ake yi a kan wannan batu ta samo asali ne daga mutumin da ya amsa ta biyu alhali ta farko aka yi masa.

Inda kalmomin suka fito

Taken Sudan waƙa ce ta Ahmad Muhammad Salih, Ahmad Murjan ya sa mata kiɗa, aka mai da ita taken ƙasa lokacin samun 'yancin kai a 1956. Asalinta ta soja ce, shi ya sa take buɗewa da "mu rundunar Allah ne, rundunar ƙasa". A wancan lokacin Kudu tana cikin Sudan, miliyoyin waɗanda ba Musulmi ba sun yi ta rera ta. Da Kudu ta ɓalle a 2011 ta yi nata taken, shi ma da kiran Ubangiji da yabonSa ya fara.

Alkawarin Najeriya da ƙanenka ya ambata Farfesa Felicia Adedoyin ce ta rubuta shi a 1976, gwamnatin soja ta Obasanjo ta sa a riƙa karanta shi a makarantu. Ƙarshensa idan aka mai da shi Hausa "Allah ya taimake ni" ne. Tsarin mulkin 1999 ma a gabatarwarsa ya kira Najeriya ƙasa ɗaya a ƙarƙashin Ubangiji, alhali sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin addinin ƙasa. Wato an zaɓi kalmar da Musulmi da Kirista za su iya faɗa tare. Amurka kuwa alkawarin tutarta an rubuta shi a 1892 ba tare da ambaton Ubangiji ba, sai a 1954, zamanin Shugaba Eisenhower, aka ƙara "a ƙarƙashin Ubangiji" don su bambanta kansu da Tarayyar Sobiyet mai aƙidar babu Allah. Siyasa ce ta shigo da kalmar, kuma tun 1943 kotun ƙolinsu ta yanke cewa ba za a tilasta wa ɗalibi faɗin alkawarin ba. Saudiyya hanyarta daban: kalmar shahada ce ɓaro-ɓaro a kan tutarta, shi ya sa ba a sassauto da ita ko da sarki ya rasu. Can ba a nemi kalmar da za ta haɗa addinai ba.

Wa ake nufi

Bari in fara da harshe, don shi ne sana'ata. "Allah" a nahawu alami ne, sunan yanka, ba siffa ba. Larabawa sun san shi tun kafin aiko Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Sunan mahaifinsa ma Abdullahi. Kiristocin Larabawa ba su da wata kalmar da suke kiran Mahalicci da ita sai wannan, ita ce a cikin Baibul ɗinsu na Larabci daga ayar farko. Ibrananci yana da Elohim, Siriyanci yana da Alaha, duk saiwarsu ɗaya da "ilah". A gida ma haka: Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 "Allah" da "Ubangiji" ya yi amfani da su, kuma Bahaushe Kirista har yau ba shi da wani sunan. Saboda haka wanda ya ce God wani ne daban da Allah, ya fara bayanin me Kiristan Omdurman ko na Wusasa yake nufi idan ya ce "in sha Allah".

Amma harshe kaɗai ba ya yanke hukunci, Alƙur'ani ne zai yanke. A Suratul Ankabut, aya ta 46, an umarce mu kada mu yi jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau, kuma mu ce musu: mun yi imani da abin da aka saukar mana da abin da aka saukar muku, "wa ilahuna wa ilahukum wahid", abin bautarmu da abin bautarku ɗaya ne, kuma mu gare Shi muke miƙa wuya. Wannan lafazin Allah ne, ba na wani taron tattaunawar addinai ba. A Suratul Hajji, aya ta 40, Allah ya jera gidajen ruhubanawa da coci-coci da wuraren ibadar Yahudu da masallatai, ya ce ba don yana tunkuɗe wasu mutane da wasu ba da an rurrushe su. A Ali Imrana 64 kuma an ce a kira su zuwa ga kalmar da take daidai tsakaninmu da su, kada mu bauta wa kowa sai Allah. Ba a ce a gabatar musu da wani sabon Ubangiji ba. An kira su ne su tsarkake bautar Wanda suka riga suka sani.

Ka duba ko ayoyin da suka fi tsanani a kansu. Ma'ida 73 ta ce lalle waɗanda suka ce Allah na ukun uku ne sun kafirta. Ina roƙon ka ka karanta ta a hankali. Laifin da aka kama su da shi shi ne sun faɗi abin da bai dace ba game da Allah. Da wani gunki can suke magana a kansa, da ba a ce sun yi wa Allah ƙarya ba. Kuskuren ya yi nauyi ne domin Wanda ake magana a kai Shi ne.

Ga misalin da nake ba ɗalibaina. Kakanmu ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya zauna a Maiurno a bakin Nilu. Cikin jikokinsa akwai masu cewa malami ne da bai taɓa riƙe fartanya ba, akwai masu cewa manomi ne da ya sari daji da hannunsa. An sha yin musu mai zafi a kan haka a gidan biki. Dole wani ɓangare ya yi kuskure, amma ba wanda ya taɓa cewa kakanni biyu muke da su, domin duka muna nufin mutumin da ya haifi iyayenmu, wanda kabarinsa ke nan. Allah ya fi ƙarfin misali, amma abin da nake so ka gani ke nan: saɓani a siffa ba ya zama saɓani a kan wanda ake nufi matuƙar an haɗu a kan alamomin da ke nuna shi. Musulmi da Kirista da Bayahude kuwa, in ka tambaye su, kowa zai ce: Wanda ya halicci sama da ƙasa, ya kira Ibrahim, ya yi magana da Musa, ya ceci Bani Isra'ila daga Fir'auna.

Inda muka rabu

Kada yaron ya ɗauka daga nan cewa addinan ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma ɓoye wannan cin amanar kowa ne, har da abokin nasa. Kirista yana cewa Yesu Ɗan Allah ne, an gicciye shi, ya tashi, kuma yana yi masa addu'a. Majalisar Nikiya ta shekarar 325 ta tabbatar musu da cewa Ɗa da Uba zati ɗaya ne. Mu kuwa muna karanta "lam yalid wa lam yulad" a sallolinmu, muna cewa Isa bawan Allah ne kuma ManzonSa, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Duk addu'ar da aka fuskantar ga Annabi Isa, a aƙidarmu an fuskantar da ita ga wanin Allah. Babu wata dabarar magana da za ta cike wannan rami.

Adalci kuma ya sa in faɗi abin da su suke cewa. Na yi shekaru a ofis ɗaya da wani malamin lissafi Baƙibɗe, wato Kirista ɗan cocin Ƙibɗawa mai tushe a Masar. Wata rana muna shan shayi bayan an tashi, na ce masa ku masu alloli uku ne. Ya ajiye kofinsa, ya ce: "Ya ustaz, ka taɓa jin yadda muke buɗe addu'a har ƙarshe?" Sai ya karanta: da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, "al-ilahul wahid, amin". Ya ce duk wanda ya ce alloli uku ne, cocinsu ma ba ta ɗauke shi Kirista ba. Ban karɓi bayaninsa ba, shi ma bai karɓi nawa ba, amma daga ranar na daina jingina masa abin da bai faɗa ba. Alƙur'ani ya hana mu bari ƙin wasu mutane ya kai mu ga rashin adalci, kuma faɗin aƙidar mutum yadda take wani yanki ne na adalci.

Su ma a tsakaninsu ba baki ɗaya suke ba. Cocin Katolika a babban taronta na Vatican na biyu, a takardun 1964 da 1965, ta rubuta cewa Musulmi suna bauta wa Allah ɗaya Mai jinƙai. Wasu coci-cocin sun ƙi wannan, suna cewa wanda bai san Allah ta hanyar Yesu ba bai san Shi ba. Babban malamin Yahudu Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya ce tauhidin Musulmi ba shi da aibi, amma ya tsananta a kan aƙidar Kirista. A Malesiya kuwa har kotu aka je a kan ko jaridar Katolika za ta iya rubuta "Allah", kotun ɗaukaka ƙara ta hana a 2013. A ganina wannan hukunci na tsoro ne da siyasa, domin babu wanda ya taɓa hana Kiristocin Sham da Masar wannan suna tun zamanin Sahabbai.

Mai yiwuwa malamin Kano zai ce: to ina "la a'budu ma ta'budun"? Wannan hujja ce da ta cancanci amsa. Suratul Kafirun ta sauka ne da Ƙuraishawa suka kawo tayin a riƙa karɓa-karɓa, ya bauta wa allolinsu wani lokaci, su bauta wa nasa wani lokaci. Ƙuraishawan nan, in ka tambaye su wa ya halicci sammai da ƙasa, za su ce Allah, kamar yadda ya zo a Luƙman 25. Sanin Mahalicci bai sa bautarsu ta zama karɓaɓɓiya ba. To abin da surar ta rufe shi ne cakuɗa ibada. A nan ne nake tare da malaman da suka yi fatali da kiran haɗe addinai, kamar Kwamitin Fatawa na Saudiyya, da Shehun Azhar Ahmad Ɗayyib da ya fito fili a 2021 ya ƙi maganar wani "addinin Ibrahim" da zai narkar da ukun a tukunya ɗaya. Ƙin haɗe addinai abu ne daban, cewa maƙwabcinka wani Mahalicci yake kira abu ne daban.

Hukuncin tsayawa a tabur

A nan fiƙihunmu na Malikiyya ya riga ya yi mana aiki. Buɗe Risala ta Ibn Abi Zaid a babin shari'a da shaida, za ka ga ya ce kafiri yana rantsewa da Allah a wurin da yake girmamawa. Muhtasar na Halil ma ya ce rantsuwa a kowane haƙƙi da "Allah wanda babu abin bauta sai Shi" ake yin ta, ko da mai rantsuwar Ma'abocin Littafi ne. Wato alƙali Musulmi yakan sa Kirista ya rantse da Allah, ya gina hukunci a kan rantsuwar, dukiya ta tashi daga hannu zuwa hannu. Da malamanmu suna ganin wani abu daban yake nufi, da rantsuwar ba ta da amfani. Waɗannan littattafai ne da kakanninmu suka ɗauko a gafaka tun daga ƙasar Hausa.

Sai Hudaibiyya, a shekara ta 6 bayan hijira. Manzon Allah ya ce wa Ali ya rubuta "Bismillahir Rahmanir Rahim". Suhailu bin Amr ya ce bai san Rahman ba, a rubuta "Bismikallahumma". Sahabbai suka ji zafi, Annabi ya ce a rubuta yadda ya faɗa. Takarda ce ta zaman tare tsakaninsa da mushrikai, kuma ya yarda a buɗe ta da lafazin da ɓangarorin biyu suka amince da shi, tunda lafazin gaskiya ne a kan kansa. Ban ga abin da ya fi wannan kama da taken ƙasa ba. Ma'aunin shi ne: lafazin da za ka faɗa, akwai ƙarya a cikinsa bisa aƙidarka? "Allah ya taimake ni" babu. Da an sa yaro ya ce "da sunan Uba da Ɗa", da sai mu ce ya yi shiru, kamar yadda ba daidai ba ne a tilasta wa yaron Nuba kalmar shahada.

Ka kuma sani cewa taken ƙasa ba salla ba ne, kuma ba rantsuwa ba ne irin wadda ake yi wa kaffara, don babu wallahi ko billahi ko tallahi a ciki. Ƙarshen alkawarin Najeriya addu'a ce, ita kuwa addu'a tana zuwa ga wanda mai yin ta ya nufa. Niyyar na kusa da kai a sahu ba ta shiga cikin taka. Biyayyar da ake yi wa ƙasa alkawarinta kuma tana da iyakar da kowane Musulmi ya sani: babu biyayya ga abin halitta a saɓon Mahalicci. Kalmar God ba ta cikin sunayen Allah kyawawa, ba za a yi salla ko zikiri da ita ba, amma fassara ce, kamar yadda muke cewa Ubangiji, Bafarishe ya ce Khuda.

Akwai wata mas'ala a gefe, ita ce miƙewa tsaye don tuta. Malaman Saudiyya da dama sun hana, gidan fatawar Masar ya halatta, yana ganin alamar son ƙasa ce ba bauta ba. Ni ina tare da masu halattawa, amma ni malamin aji ne ba mufti ba. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa a nan Gadarif, ka kai masa waɗannan ayoyi da nassin Risala ku duba tare. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a kira yara mushrikai a kan wannan. Kalmar shirka ba abin jifa ba ce.

Abin da ya fi ci mini rai

Alhaji, a cikin taken nan ba baitin farko ne yake tsaya mini a wuya ba. Akwai inda ake cewa "hazihil ardu lana", wannan ƙasa tamu ce. A watan Yulin 2022, lokacin rikicin jihar Nilul Azraƙ, Hausawa da yawa sun rasa rayuka da gidaje a kan maganar waye mai ƙasa, har mutanenmu suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartum. Yawancin waɗanda ke kowane ɓangare na wannan rikici alƙibla ɗaya suke kallo. Sannan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya zo, ya kore mu daga Madani a watan Disamba na wannan shekara, kuma a hanya na ji kabbara daga bakin masu ɗauke da bindiga. Mu da muka san ɗacin a ce mana baƙi ne bayan shekara ɗari da haifar iyayenmu a nan, bai kamata mu koya wa 'ya'yanmu su kalli yaron Nuba a matsayin wanda ba shi da hurumin ambaton Allah a sahu ba. Iyayensa ma sun sha gudun hijira daga duwatsunsu.

Idan yaron ya sake tambaya, ka ce masa: Allah ɗaya ne, babu na biyu da wani zai samu ya kira. Shi ya halicce ka, Shi ya halicci abokinka, Shi yake ciyar da ku duka. Abokinka yana faɗin wasu abubuwa game da Allah da Annabi Isa waɗanda mu ba mu yarda da su ba, shi ya sa ba ka zuwa cocinsu, shi ma ba ya bin ka salla. Ka sa ya karanta maka Ƙulhuwallahu, ku bi ta aya-aya da Hausa har ya gane me yake faɗa. In abokin ya tambaye shi me muka ce game da Isa, ka koya masa farkon Suratu Maryam, wadda Ja'afar bin Abi Ɗalib ya karanta a gaban Najjashi sarkin Habasha, ƙasar da iyakarta ke nan Gallabat, kudu da ku.

Ka gaida mutanen gida. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi, ya sa wa kasuwa albarka.